Malam Cindo Mai Kiɗan Ƙiftawa da Bismilla

Duk wanda ya ce Yelwa ba ta haifi babban mutum ba, bai taɓa haɗuwa da Malam Cindo da safiyar Litinin ba. Ga kwat, ga taye, ga rana tana gasa ƙeya, shi kuwa yana tafe a hankali da jaka a hammata, kamar gwamnati ce ta aiko shi ya duba ko gari yana nan inda aka bar shi. Akawu ne a wani ofis da ke bayan kasuwa, aikinsa buga hatimi. Amma wannan sana'ar rufin asiri ce kawai. Ainihin Malam Cindo mai ƙaga kiɗan piyano ne, kuma a faɗarsa, daga Yawuri zuwa Ngaski da Shanga, har inda ruwan Kainji ya tsaya, babu na biyunsa. Gaskiya ya faɗa. Babu wani mai piyano a duk faɗin wurin.

Piyanon ya samo shi ne a gwanjon wani tsohon kulob na Turawan da suka gina madatsar ruwa. A jirgin ruwa aka hauro da shi, tsakanin buhunan busasshen kifi, har yau kuma in aka buɗe murfinsa kifin ne ke fara gaishe ka. Haƙoransa farare da baƙaƙe sun haura tamanin, amma 'yan na tsakiya ne kawai ke magana, sauran ɓeraye sun riga sun yi musu ritaya. Ilimin kuwa ta gidan waya ya yi shi. Wata makaranta a Ikko ce ke aiko masa da darasi, ta aiko na huɗu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana. Wani da ya tsinci kansa haka sai ya rufe akwatin ya ɗora masa kwanuka. Malam Cindo kuwa, da yake Allah ya yi shi mai zurfin tunani, sai ya mai da abin falsafa.

“Dogon kiɗa alamar gajeren tunani ne,” haka yake gaya mana a ofis, yana kaɗa hatimi a iska. “A Turai, babban gwani yakan zuba rayuwar ɗan Adam kaf cikin taɓi bakwai. Ni na kai ta biyar. Kuma ku tuna, da yatsa shida aka haife ni. Wanzami ne ya cire na shidan saboda jahilci. Wannan asara ba tawa ba ce, ta Afirka ce.”

Kowane guntun kiɗa nasa yana da suna, kuma sunan ya fi kiɗan tsawo. Akwai “Tunanin Wani Babban Mutum Yayin da Yake Kallon Balbela a Bakin Tafki Bayan Ya Ƙoshi”. Akwai “Kukan Zuciya Game da Rashin Ƙarin Girma a Ofis, Kashi na Ɗaya”. Matarsa Ladi ta rantse cewa ta taɓa ɗebo miya a ludayi daidai lokacin da ya fara kashi na ɗayan, kafin miyar ta sauka a kwano ya gama har yana share hawaye. Ita ce ta raɗa masa Ƙiftawa-da-Bismilla, a bayan idonsa. A gabansa kuwa Furofesa take ce masa, don a zauna lafiya.

Ba ya barin kowa ya ji. In zai yi kiɗa sai ya rufe ƙofa da taga, ya toshe kafar ƙarƙashin ƙofa da tsumma, kada wani ya sace masa basira ya kai Kaduna. Ni dai sau ɗaya aka yi mini alfarma. Ina bakin ƙofa na sunkuya ina kwance igiyar takalmi, na ji ting, tang, ting. Na ɗago sai na ga ya juyo yana kallona.

“Biyu ke nan,” in ji shi. “Wanne ya fi taɓa ka?”

Na ce na biyun.

“Na sani. Kana da kunne. Da ka yi karatu da ka zama wani abu.”

Ana nan sai aka ba mu sabuwar jiha. Da ta kusa cika shekara, aka ce za a yi biki a Birnin Kebbi, kuma yankinmu zai aika makaɗi ɗaya tak. Aka kafa kwamitin zaɓe, aka ba tsohon hedimasta Malam Muhammadu shugabanci. Sakatare kuwa, wa za a ba in ba mai hatimi ba? Malam Cindo ya karɓi aikin da tawali'u, ya rubuta sunayen masu neman zuwa, ya sa nasa a sama.

Kowa ya san wanda ya kamata ya je. Ɗangana ne, wani tsohon makaɗin molo na masunta, wanda ya haura saba'in. Ƙauyensu yana cikin waɗanda tafkin Kainji ya haɗiye, kuma yana da wata waƙa da yake jero sunayen garuruwan da ke ƙarƙashin ruwa, da tsibiransu, da masuntan da suka yi suna a cikinsu. Takan ɗauke shi daga la'asar zuwa magariba. Burinsa ɗaya kafin ya mutu, ya faɗi sunayen nan a gaban manyan jiha, ko sau ɗaya, don a san an taɓa zama a wurin. Ya tako har ofis ya durƙusa a gaban teburin sakatare.

“Baba,” in ji Malam Cindo, bai ko ɗago kai ba, “zamani ya wuce waƙar da ba ta san hanyar gida ba. Garuruwa nawa ne a ciki?”

“Talatin da ɗaya, ranka shi daɗe.”

“Ka zaɓi biyu.”

Tsohon ya ce, “Malam, ruwa ya ci su sau guda. Ni ba ni iya sake nutsad da su.”

Malam Cindo ya rubuta sunansa a can ƙasan takarda, na goma sha biyu, da lissafin cewa kafin a kai gare shi rana ta faɗi, kwamiti ya watse. Ba zan ɓoye ba, ranar na ji haushinsa har cikin raina. Girman kai rawanin tsiya, amma wannan rawanin a kan wani ake shirin naɗa tsiyarsa.

Ranar zaɓe aka taru a filin wata firamare, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Mutane sun zo daga Wara, daga Shanga, daga ƙauyukan kan tudu da na bakin ruwa. 'Yan dako shida suka turo piyanon a kura, Malam Cindo yana gaba yana kora awaki da jaka. Ya tsaya ya yi jawabi na minti arba'in a kan wayewar kai. Bai faɗi sunan kiɗa ko ɗaya ba, bai ce gajeru ba ne, domin a cewarsa kiɗa mai daraja ba ya bukatar sanƙira.

“Jama'a,” ya rufe da cewa, “yau kunnuwanku za su shiga makaranta. Abin da za ku ji, kakanninku ba su ji shi ba, jikokinku kuma za su yi alfahari kun ji shi.”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya zauna, ya ja hannun kwat, ya taɓa haƙori ɗaya. Ting. Ya karkata kai, ya lumshe ido, yana saurare. Ya taɓa biyu. Tang, ting. Ya ɗaga hannu sama, ya tsaya cak. Na farko ya ƙare ke nan. Ya numfasa ya shiga na biyu.

To, a wajenmu kowa ya san yadda makaɗi ke yi kafin ya fara. Mai molo zai taɓa tsirkiya ɗaya, ya karkata kai ya saurara, ya ja ta, ya sake taɓawa. Kuma ba a zuba wa mai gyaran tsirkiya ido, kamar yadda ba a kallon mutum yana ɗaure tazuge. Ladabi shi ne ka kau da kai ka ba shi wuri. Haka jama'a suka yi wa Malam Cindo, cikin mutunci. Dattawa suka juya suna gaisawa, ana tambayar ruwa da gona. Aka fasa goro. Mata suka gyara goyo. Wani ma ya tashi ya je kama ruwa don kada fitsari ya katse masa jin daɗi in an fara.

Malam Cindo ya buɗe ido ɗaya ya ga kawuna a sunkuye, wasu sun juya baya. Ya tabbata abin ya fi ƙarfinsu, ba su iya haɗa ido da shi. Sai ya ƙara karkata kai. Cikin minti uku ya zube aikin shekara shida, guda tara cif, har da kashi na biyu na rashin ƙarin girma. Ya miƙe, ya dafe ƙirji, ya rusuna wa kwamiti.

A wajenmu kuma makaɗi, in ya gama gyara, yakan rusuna wa manya ya nemi izinin farawa. Malam Muhammadu ya gyara zama, ya ɗaga hannu, fili ya yi tsit. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

“Madalla,” in ji hedimasta. “Bismilla, Malam Cindo. Muna saurare.”

“Na gama, ranka ya daɗe.”

“Mun gani, ka gama, kuma ka yi shi a tsanake. To bismilla.”

Mutum ɗari huɗu suka zuba masa ido, yanzu da kallon ya halatta. Ban taɓa ganin an ba makaɗi irin wannan shirun ba. Malam Cindo ya koma ya zauna. Ya dubi haƙoran piyano, su ma suka dube shi. Gumi ya jiƙa taye. Babu darasi na biyar. Da ya rasa abin yi, sai ya koma kan na farko. Ting. Tang, ting.

Nan take jama'a suka sake kau da kai, aka ci gaba da hira daga inda aka tsaya. Na ji wata mai kifi a bayana tana cewa, “Wanga abu da wuyar ɗauri shi ke. Tsirkiya nawa ag gare shi?” Ladi kuwa ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Sai Ɗangana ya taso daga can baya da molonsa, ya durƙusa a gaban kwamiti.

“Ranku shi daɗe, kada jama'a su gaji da jira. In kun yarda, bari in riƙe mishi su, har shi gama.”

Sakatare ya buɗe baki zai ce ba layinsa ba ne, amma sakatare yana kan kujerar makaɗi, takardar kuma tana cikin jaka. Hedimasta ya ce wannan shi ne zumunci. Tsohon ya zauna a ƙasa, ya taɓa tsirkiya sau biyu, ya fara. Kafin ya kai gari na biyar, wasu dattawan bakin ruwa sun fara amsawa da sunayen unguwanni. A na goma sha wani abu, matar nan mai kifi ta ji sunan kakanta, ta fashe da kuka ba kunya. Ya jero talatin da ɗayan nan bai tsallake ko ɗaya ba, babu wanda ya motsa, sauran masu neman zuwa ma suka ajiye gangunansu. Kwamiti bai ko yi shawara ba. Hedimasta ya nemi a miƙo takarda, ya rubuta sunan Ɗangana, ya tura wa sakatare ya buga hatimi. Ya buga.

Ana watsewa, 'yan dako suna ɗaure piyano a kura, Malam Cindo ya ja ni gefe ya fara bayyana mini cewa annabi ba ya daraja a garinsu. Bai ƙarasa ba sai ga Ɗangana, molo a kafaɗa. Ya kama hannun Malam Cindo da hannu biyu, kuma wallahi babu ba'a ko kaɗan a fuskarsa.

“Kada ka damu, ɗana. Damana ce, ni ma tawa tsirkiya takan yi mini gardama. Amma shekara hamsin ina wagga sana'a, ban taɓa ganin mai haƙurin gyara awa kai ba. Ran da za ka yi kiɗin, don Allah ka aiko a kira ni.”