Ranar Da Keken Shanu Ya Wuce Motar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kai Safiya, ƙanwar matata, gidan miji ba, kuma ko na so mantawa mutanen Dutsin-Ma ba za su bar ni ba.

Ni malamin makaranta ne, fasaha nake koyarwa (a allo, da alli, kada ku ɗauka wani abu ne). Ina da tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu wadda nake ji da ita kamar ƙwai a cokali. A ƙarƙashinta, bayan giyabos, akwai wani akwatin ƙarfe da makanikai ke kira transfa. Shi ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, kuma a cikinsa giyar taimako take, wadda ake sawa idan an shiga taɓo ko yashi, mota ta riƙa jan ciki a hankali amma da ƙarfin gaske. To, wani dare na ga bidiyo a waya, wani Bature ya canza haƙoran transfar motarsa har tana hawa dutse. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini.

Na sa aka kawo mini haƙoran daga Kano, na kai wa Hamisu, makanikin da ya fi shekara goma yana duba mini motar. Ya juya su a hannu, ya ce, "Malam, wane dutse za ka hau tsakanin nan da Kurfi? Ka bar ta yadda mai ita ya yi ta."

Da na yi shiru na tafi, da ba ku ji wannan labari ba. Amma gaban mutane ne, ni kuma bakina bai san linzami ba. Na ce, "Hamisu, ku gwaji kuka iya, mu muka san ƙa'ida. Wannan aikin masu ilimi ne." Ya miƙo mini kayana da hannu biyu.

Kwana huɗu na yi kwance ƙarƙashin mota a tsakar gida, waya jingine da taya, man giya har cikin kunnena. Matata Binta ta rasa farantanta uku, duk na zuba notuna a ciki. Da na gama ɗaurawa sai na ga ragowa: wasu 'yan zobban ƙarfe biyu da ake sawa ƙarƙashin noti, da wata 'yar ƙusa da ba ta kai ashana tsawo ba. Na dube su, na yanke hukuncin cewa Bature ne da almubazzaranci. Na zuba su a gwangwanin madara na jefa cikin mota.

Tun kafin nan na riga na je gaban surukina na bugi ƙirji cewa ni zan ɗauki amarya zuwa Barkiya. Damina ce, hanyar daga Kurfi zuwa ciki ta lalace, kuma kowa ya san ba hanyar da ake bari duhu ya riske ka a kanta ba ce a wannan zamani. Don haka aka tsara a tashi bayan azahar, a miƙa amarya, 'yan rakiya su dawo gida kafin magariba. Alhaji (wanda tun da na auri 'yarsa bai taɓa aikena ko sayen goro ba) ya dube ni ya ce, "To Malam, amana ce." Har ƙwalla na ji don daɗi.

Ranar na sha babbar riga fara, aka liƙa wa mota furanni. Amarya ta shiga baya tana kuka, Binta a gefe, ɗaya gefen kuma Gwaggo Indo, yayar Alhaji, wadda in ta yi magana ba a maimaitawa. A ƙofar gidan akwai wani ɗan kududdufi da ko akuya ba za ta nannaɗe ƙafa don shi ba. Amma ga jama'a an taru, ga ni ga sabon aiki. Na kama ƙaramin sandan giya na danna taimako, mota ta yi gurnani ta ratsa ruwan. Wani ya yi tafi, na ɗaga masa hannu.

Da muka hau kwalta na ja sandan don in fitar da ita. Sai na ji shi sakayau, yana yawo kamar muciya a tukunyar da ba tuwo. Na tura gaba, na ja baya, babu abin da ya kama. Mota ta maƙale a taimako, kuma taimakon da ni da kaina na ƙara wa nauyi. Na sa giya ta biyar, na take totur, inji na ihu kamar injin niƙa, mu kuwa muna tafiyar mai tallan fura.

Motoci shida ne a bayana, kuma babu mai wuce motar amarya. Haka muka jeru.

"Malam, lafiya?" in ji Binta.

"Saboda ramuka ne," na ce. (Kwaltar sumul take.)

Na kawo shawara a hankali cewa ko a mayar da amarya wata motar. Gwaggo ta ce, "Mi? Ɗiya ta fito gidan ubanta a sauke ta bisa hanya kamar buhun gero? Ba a yi. Motar da ta ɗauko ta ita ka kai ta." Na ce ko mu koma gida in duba. Ta ce, "Amarya ba ta komawa baya. Tahi dai."

Masu babur suka yi ta wuce mu suna leƙe. Mai keke ya wuce, har ya yi mana Allah ya sanya alheri. Safiya ta yi kuka har kukan ya ƙare, ta huta, ta sake wani, shi ma ya ƙare, daga bisani na ji tana tambaya ko akwai ruwa. La'asar ta yi mana ko rabin hanya ba mu ci ba. Alhaji ya kira sau uku, ban ɗauka ba. Ango ya kira Binta yana tambaya ko an fasa ne. Nan fa tsoro ya fara cin kunyar, don na ga rana na sunkuyawa, ga mata cike da motoci, duk a wuyana.

A wata 'yar gangara injin ya yi zafi, dole na sassauta. Sai ga wani dattijo da keken shanu ɗauke da taki, ya zo daidai tagata, ya yi sallama, ya wuce. Daga cikin lulluɓi na ji amarya ta tuntsire da dariya. Gwaggo ta ce, "Tsaya nan, ɗan nan. Ba Hamisu ne ke jan motar kayan gara ba?"

Shi ne. Awa biyu yana bayana, yana jin kukan injin, ya san ciwon sarai, bai ko danna oda ba.

Na fito da babbar rigata na taka zuwa wurinsa, mata na kallo ta kowace taga. Na ce, "Hamisu, don Allah."

Ya ce, "A'a Malam, ni da gwaji kawai na iya?"

"Don girman Allah, Hamisu. Rana na faɗuwa."

Ya dubi rana, ya dube ni, ya fito. Tambaya ɗaya ya yi: "Da ka gama, mi ya rage?" Na ɗauko gwangwanin madara. Ya zazzage a tafin hannu, ya ɗaga 'yar ƙusar sama yadda kowa zai gani, ya ce ita ke riƙe sandan da transfa. Ya shiga ƙarƙashi, ko minti biyar bai yi ba ya fito yana karkaɗe wando.

Na nufi mazaunin direba, Gwaggo ta ce, "Ina? Hamisu shi ja mu." Wani ya karɓi motar gara, ni kuma aka ba ni wuri a can bayan jif ɗina, da fantekar alkaki a cinya. Hamisu ya ratsa duk taɓon Barkiya bai ko taɓa giyar taimakon ba. Muka miƙa amarya a tsaitsaye, muka shigo Dutsin-Ma ana kiran magariba. Alhaji na tsaye a ƙofar gida. Ya wuce ni, ya kama hannun Hamisu yana ta sa masa albarka.

Yanzu duk garin Sannu Ba Ta Hana Zuwa suke kiran motata, har ɗalibaina. Abin da na koya kuwa, in ka kwance abu ka ɗaura ka ga ragowa, ba Bature ne ya yi almubazzaranci ba. Kuma duk safiya in zan wuce garejin Hamisu, ni nake fara gaishe shi.