Shaidar da na bayar a kan Modu

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, har inda kowa ya zauna ina iya nunawa. Akwai Bulama Kyari, mai unguwarmu. Akwai Madam Falmata, wadda ke riƙe da harkokin shari'a a meri, wato ofishin magajin gari. Akwai Isufu mai awon filaye, da taswirarsa a hammata. Sai masu rigimar, duka maƙwabtana: Alhaji Lawali, ɗan Damagaram mai shagon atamfa, da Modu, wanda ya baro sansanin 'yan gudun hijira na Sayam da iyalinsa ya sayi ɗan fili jikin na Alhaji. Ta shida ni ce, shaida.

Rigimar a kan borni ce, dunƙulen simintin da meri ke binnewa a kusurwar kowane fili, kansa kaɗai ake gani. Na tsakanin Alhaji da Modu ya ɓace. Alhaji ya ce Modu ne ya tone shi, ya turo katangarsa cikin filin Alhajin. Tun a bakin filin Madam Falmata ta faɗa mana: in ya tabbata, za a rushe katangar har da ɗakin da ke jikinta, a kuma miƙa Modu gaban alƙali. Mutum bakwai ke kwana a ɗakin nan.

Ni kuwa ba kirana aka yi ba, ni na kai kaina. (A unguwar nan buhun tattasai bai shiga gida ban san daga wace gona ya fito ba, kuma a lokacin ina ɗaukar wannan abin alfahari.) Na taɓa ganin Modu bayan asuba da fartanya yana tono a kusurwar. Ya ce dogon yaro ya dasa, awaki suka cinye. Na ce a raina, kowane ɓarawo da akuyarsa. Gida-gida na bi na ba da labarin.

Da rana ta yi zafi na ce su shigo rumfata a rubuta shaidar a inuwa. Gaskiya ba tausayinsu na ji ba, so nake Madam ta ga yadda ake share tsakar gida. Miyar bandar kifi na kan murhu tana tafasa. Na gyara zama, na faɗi abin da na gani, na ƙara da abin da ban gani ba amma na tabbata haka ya faru. Madam ta rubuta, ta maimaita mini da Hausa, na dangwala yatsa. Modu ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki ji tsoron Allah." Na ce, "Shi nake tsoro, shi ya sa na yi magana."

Duk wannan lokaci Isufu idonsa na kan murhuna. Na ɗauka yunwa ce.

"Malam Isufu, a meri ba a ba ku kalaci ne? In miyar kake so ka yi magana, ka bar ƙura mata ido."

"Inna, ko za a ɗan sauke tukunyar?"

Na sauke, ina harararsa. Ya janye itacen, ya tsuguna gaban ɗaya daga duwatsun murhun uku, ya kankare baƙin hayaƙin da makullin babur ɗinsa. Lamba ta fito. Ya duba taswira, ya duba lambar, ya sake duba taswira, sannan ya juyo ga Madam ya nuna mata.

Innalillahi! Nan take na tuna. Shekarar da kogin Komadugu ya yi ambaliya, ruwa ya tafi da murhuna. A ƙasar nan tamu ta yashi kuwa, samun dutse ya fi samun nama wuya. Da ruwa ya janye na ga wani siminti rabinsa a waje cikin laka, ƙasansa da faɗi, kansa daidai zaman tukunya. Na ce Allah ya kawo. Da fartanyata na ƙarasa tone shi, da kaina na ɗauko shi. Ni ban taɓa ganin borni gaba ɗayansa ba, sai kansa. Shekara biyu ina dafa tuwo a kan iyakar mutane, ina kuma neman wanda ya sace ta.

Tukunya na huci a ƙasa. Bakina a buɗe, ludayi a hannuna, yatsana da tawada ko bushewa ba ta yi ba.

Bulama, wanda muka tashi tare, ya dube ni. "Hajiya, sauran duwatsun biyu fa? Isufu, duba mini, kada ɗaya ya zama na filin masallaci."

Har Alhaji Lawali sai da ya rufe baki da hannun riga. Madam Falmata dai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Inna, cire borni laifi ne, shaidar zur ma laifi ce. Wace takarda kike so in kai, wannan ko wata?" Na ce wata. Ta yaga ta farko, ta rubuta gaskiya, na sake dangwalawa da yatsan nan dai. Aka fita aka ja igiya: katangar Modu ba ta shiga filin kowa ba, har taƙi guda ya bari. Aka mai da bornin raminsa, baƙi ƙirin, yana ƙamshin kifi.

Na so a ce Modu ya zage ni. Sai kawai ya ce, "Inna, wata uku ban yi barcin kirki ba." Ya wuce.

Ashe mai leƙen tukunyar kowa ya kamata ya fara duba abin da tasa ke zaune a kai.

Washegari ina idar da salla na yafa mayafi. Na fara da ƙofar Modu, na roƙi gafararsa da murya mai ƙarfi yadda layin duka zai ji. Daga nan na bi gidajen da na kai labarinsa ɗaya bayan ɗaya, gida tara, na kai nawa. Ko'ina na tarar sun riga sun ji. Amma babu wadda ta katse ni, kowace sai da ta shimfiɗa mini tabarma ta ce in fara daga farko.