Shaidar Baba Gagare a Cinikin Jirgi

A wani gari da ke bakin kogin Kwara, can wajen Yawuri, masu jiragen fito suna da tsarinsu. In za ka sayar da jirgi, magatakardan ƙungiyarsu ne zai rubuta takardar mallaka da sunan mai saye, a ƙasanta kuma akwai layi uku da ake zayyana duk aibin da jirgin yake da shi. To, Jatau mai fito yana da wani tsohon kwalekwale da cikinsa ya tsage tun damina biyu da suka wuce. Gogan naka ya cusa auduga, ya malala kwalta, ya bi da shuɗin fenti, jirgi ya fito fes kamar amarya. In dai ana tafiya ana kwarfe ruwa, lafiya lau ake ƙetarewa. Ana nan sai Allah ya jefo masa mai saye, Alhaji Barmo, ɗan kasuwar albasa daga tudu, bawan Allahn da ko a kududdufi bai taɓa gwada iyo ba. Jatau ya san sarai ranar da kalmar "tsaga" ta hau takardar nan, Alhaji zai karkaɗe rigarsa ya kama gabansa. Shi ya sa ranar cika takarda ya taho da shaidarsa, Baba Gagare, dattijon da ba a ja da maganarsa a bakin ruwa, wanda tun jiya Jatau ya aika wa kwandon kifi.

Magatakarda ya gyara zaman tabarau ya ce, "Malam Jatau, me za a sa a layin aibi?"

"Ja layi kawai, ranka ya daɗe. Babu komai."

"Baba, ka shaida?"

Baba Gagare ya yi gyaran murya ya ce, "Lafiyarsa ƙalau." Ya dangwala yatsa a takarda.

Jatau ya ji wani sanyi a ransa, har ya fara miƙa wa Alhaji hannu. Sai magatakarda ya ce, "Madalla. Saura zagayen gwaji. Ai ba ka zo taron watan jiya ba, Malam Jatau. An yanke cewa duk takardar da aka bar layin aibinta fayau, sai mai jirgi da mai saye da shaida sun shiga, a kai tsakiyar kogi a dawo. Kuma ba a shiga da ƙwaryar kwarfe ruwa."

Jatau ya dake. A ransa ya ce, in ya ba filafilin tuƙi wuta, ya kuma cika Alhaji da hirar farashin albasa, ƙila a dawo kafin ruwa ya kai idon sawu. Ya tura jirgi ya haye yana murmushin dole.

Shi kuwa Baba Gagare sai ya koma gefe. Ya cire hula, ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda, ya ninke ta tsaf, ya ɗora agogo da waya a kai, ya miƙa wa magatakarda. Sannan ya sunkuya yana naɗe wando har gwiwa.

Alhaji Barmo, da ya riga ya sa ƙafa ɗaya a jirgi, ya janye ta a hankali. Ya ce, "Baba, ba yanzun nan ka ce lafiyarsa ƙalau ba? Me ya kawo tuɓe riga?"

Baba Gagare ya ce, "Alhaji, bakina ne ya ci kifin Jatau. Rigar nan ba ta ci komai ba."