Ranar da Na Kama Ɓarawon Babur

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata da na kusa sa a kashe mutum a bakin titin Tafa, da bakina kawai.

Ni magatakarda ne a wata makarantar sakandare, kuma an san ni da ƙin duk abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Ina dawowa daga aiki na tarar da wani mutum da direba suna kokawar cusa babur a bayan a-kori-kura. Babu katakon hawa, babu igiya. Sun kwantar da shi, fetur yana tsiyaya har ƙasa. Na duba lamba, na gane babur ɗin maƙwabcina ne, Habu tela. Nan take na yanke hukunci cewa mai abu ba zai yi wa abinsa wannan wulaƙanci ba (har na yaba wa basirata a zuci).

Na ɗaga murya na ce, "Ɓarawo!"

Kafin in rufe baki direban ya arce, 'yan acaɓa sun kewaye mutumin. Aka yaga masa riga, aka fasa masa leɓe. Wani daga baya ya ce a kawo taya. Mutumin ya riƙe ƙafata yana cewa, "Don girman Allah, Malam, kira mai shi!"

Na kira lambar Habu, na kuma buɗe lasifika don kowa ya ji gaskiyata. Matarsa Hajara ce ta ɗauka.

"Malam, muna asibiti. Maigidan ya faɗi da babur, ya karye a ƙafa. Na aiki Yaya Ɗanjuma daga unguwar Iku ya ɗauko babur ɗin kafin a sace. Ko kun gan shi?"

Na dubi jinin da ke haɓar mutumin na ce, "Na gan shi."

Taron ya watse kamar ba a taru ba. Wani ɗan acaɓa ya tsaya ya ce mini, "Oga, kai ka faɗa fa, mu taimako muka yi."

Ɗanjuma bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya tofar da jini ya ce, "Malam, kama mana mu tayar da shi."

Direba ya dawo. Muka miƙar da babur ɗin, na rufe mai, na sa shi a giya, na aro igiya muka ɗaure ta kusurwa huɗu. Ni na zauna a baya ina riƙe da shi har unguwarmu Hashimi, inda labari ya riga mu isa. Mata suna leƙowa ta ƙofa, maza suna ce mini, "Sannu da aiki, jami'in tsaro."

Har yau ban daina ƙin aikin ganganci ba. Sai dai yanzu idan na gan shi, da sallama nake farawa.