Hunturun Dakta Sikeli a Bakin Teku

Duk faɗin birninmu na Lecce, in ana neman mai hankali ba sai an sha wahala ba. A tafi ofishin inshorar nan na bayan kasuwa, tebur na uku daga ƙofa, a ce ana sallama da Dakta Oronzo Mazzotta. Kada a yi kuskuren cewa Oronzo kawai, ba zai ɗago kai ba. Ba ya allura, bai kuma taɓa duba marar lafiya ba. Digiri ya yi a kan kasuwanci, a garinmu kuwa duk mai digiri Dakta ne. Sauran masu digirin sukan manta da laƙabin mako guda bayan walima. Shi kam sai da ya sa aka rubuta shi a jikin akwatin wasiƙun gidan mahaifiyarsa, a saman sunan ita mai gidan.

Shekarunsa ashirin da bakwai, amma baiwar da Allah ya yi masa ta dattawa ce. Oronzo ba ya yanke shawara kamar ni da kai, aunawa yake yi. Kofi zai sha, sai ya auna mai madara da marar madara, mai shago na tsaye riƙe da kofi, layi ya kai ƙofa. Abokan aiki suka sa masa suna Sikeli. Da labari ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, ya ce ashe dai ana lura.

Yana da budurwa, Ilenia, ma'aikaciyar jinya, mai ƙarancin magana. Shekara huɗu suna tara kuɗi, kowa a asusunsa, don kafin alƙalamin wani gida mai ɗaki biyu a unguwar San Pio. Mai gidan tsoho ne da zai koma wurin 'yarsa a Torino, ya kuma yi musu alƙawarin jira har watan Yuni, ba ƙari ko na kwana ɗaya. Rabi na Ilenia, rabi na Dakta. Nasa rabin ya riga ya cika, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi ya ji yadda aka yi: tsari, hangen nesa, da kame kai. Ba ya kawo zancen cewa bai taɓa biyan haya ba, mahaifiyarsa Mamma Assunta ke dafa masa sau uku a rana, ofis kuma tafiyar minti goma ce a ƙafa. Waɗannan ƙananan bayanai ne, babban mutum ba ya tsayawa a kansu.

Ranar Lahadin farko ta Satumba suka je wanka bakin tekun Torre Lapillo. A hanyar komowa mota idonsa ya faɗa kan wani farin gida mai baranda, taku talatin daga ruwa, an rataya allon haya a ƙofa. Ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa, ya ji kamar kyauta. Tun daga nan sikeli ya hau aiki.

Mako uku ana awo, kuma ba wanda ya tsira. Ya tambayi mai aski, ya tambayi mai gadin ofis, ya tambayi wani abokin aiki da ya shekara biyu yana zirga-zirga a wannan hanyar har bayansa ya sankare. Kowa ya ce kada ya soma. Shi kuwa yakan saurara da haƙuri, yana gyaɗa kai, sannan ya bayyana wa mutum inda tunaninsa ya gaza. A gefe guda na sikelin akwai tafiyar minti arba'in da biyar safe da yamma, da motar da ba shi da ita, da mai, da haya, da kuɗin Yuni. A ɗaya gefen akwai abu ɗaya tak, wanda ya sanar a teburin abincin Lahadi, bayan ya gama da faranti na biyu.

"Mamma, Ilenia, na auna," in ji shi. "Ƙwaƙwalwa irin tawa ba ta numfashi a tsakanin bango huɗu. Sarari take so. Mutumin da ya tashi da safe ya ga teku, da wanda ya tashi ya ga shanyar maƙwabta, ba za su taɓa yin tunani iri ɗaya ba."

Shanyar da ake magana ta Mamma Assunta ce, kuma rigunansa ne a kai. Ta dube shi, ta kira shi da sunansa na yarinta, ta ce, "To, Ronzino, can ɗin tekun ne zai riƙa yi maka guga?"

Ilenia ba ta yi dariya ba. Ta san shi: in ya soma magana da wannan muryar, an riga an gama. Ta karɓi takardar hayar ta duba, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Mayu. Ko yaron goye a yankinmu ya san wannan layin. Masu gidajen bakin teku sukan ba da su da arha lokacin sanyi don kada funfuna ta cinye bango, in zafi ya shigo kuma su karɓe abinsu su ba 'yan hutu.

Dakta ya yi murmushin tausayi. Ya ce wannan layin na ɗalibai ne da malaman wucin gadi. Shi ya zauna da mai gidan, Donna Addolorata, ya nuna mata cewa mutum irinsa ba a samunsa kullum, ta kuma amsa da bakinta: "Za mu gani, Dakta." Sau huɗu ta kira shi Dakta a zama ɗaya. Ya ƙirga.

"Ni dai Yuni na sani," in ji Ilenia, ta miƙa masa takardarsa.

Ya sayi tsohuwar mota daga asusun, ya ce jari ne. Ya biya hayar wata biyu a gaba, ita ma jari ce. Ranar da ya tare ya tsaya a baranda da kofi a hannu, ya ɗauki hoto ya watsa wa duniya a intanet, ya rubuta a ƙasa cewa wasu suna rayuwa, wasu kuwa suna kwana ne kawai a birni.

Kafin tsakiyar Oktoba garin ya watse. Mai sayar da kifi ya rufe, mai burodi ya koma buɗewa sau biyu a mako, aka kwashe laimomin bakin ruwa aka ɗaure. Ya rage Dakta, da kyanwoyi, da tsofaffi huɗu masu karta a shagon kofi ɗaya da bai rufe ba. Ya je ya yi musu bayani a kan makomar tattalin arzikin yankin. Suka bar shi ya kai aya, sannan ɗaya ya tambaye shi ko ɗan wane ne shi, kuma me ya yi wa uwarsa ta kore shi.

Teku kuwa yana nan, ba a ce ba ya nan ba. Sai dai Dakta yakan fita kafin gari ya gama wayewa, ya dawo bayan rana ta faɗi, don haka a ranakun aiki jin sa kawai yake yi. Iska ta riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kamar ita ke biyan hayar. Ya sayi na'urar ɗumama ɗaki, ya ƙara ta biyu. Takalmansa na ofis suka yi koren gashi a cikin kabad. Riga in ya wanke ranar Litinin, har Alhamis tana ɗiga, shi ya sa ya koma kai wanki gidan Mamma. Tunda ya zo kuma, ai ba zai ƙi cin abinci ba. Tunda ya ci, hanya kuma da nisa, sai ya kwana. Kafin Fabrairu kwana huɗu yake yi a Lecce kowane mako, yana gaya wa mutanen ofis cewa tsohuwa ce ba ta iya zama ita kaɗai. Tsohuwar da ke hawa bene uku da kwandon wankinsa a hannu.

Amma hotuna ba su tsaya ba. Duk Asabar sai ya fito baranda cikin riga mai gajeren hannu, ya ɗauka da sauri, ya koma cikin bargo ya rubuta hikimar mako. Faɗuwar rana, farin yashi, ruwa garau har ana ganin ƙasa. A gaskiya ya iya ɗaukar hoto, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Duk lokacin da Ilenia ta tambayi lafiyar asusu, sai ya ce yana numfashi. Ta daina tambaya a watan Maris, ta ƙara karɓar aikin ƙarshen mako a asibiti. Shi kuma ya ɗauka ta gamsu.

Mayu ya zo da rana mai daɗi. Aka soma buɗe tagogi, aka fito da kujeru, mai kifi ya dawo. Dakta ya sayi sabon gajeren wandon wanka, ya ce ranar ɗaya ga Yuni zai buɗe kakar wanka da kansa, tunda yanzu shi ɗan gari ne. Saura kwana biyar sai ga Donna Addolorata da ƙaninta, da tsani, da bokitin fenti.

Ya tarbe ta da jawabin da ya shirya. Ya yi maganar amana, da mutunci, da irin darajar da zamansa ya ƙara wa gidan. A nan ta tare shi da farin ciki, ta ce wallahi gaskiya ya faɗa. 'Yarta ta riƙa tura hotunansa ga masu neman gidan hutu, har da kalamansa, ba ta canza ko harafi ba. Wasu daga Milano, wasu daga Jamus.

"Ka cika mana gida daga Yuni har Satumba, Dakta, ko kwana ɗaya babu. Allah ya yi maka albarka. In kana so ka zauna, akwai mako guda a ƙarshen Satumba, sai in yi maka ragi."

Ta faɗi kuɗin makon. Ya fi hayarsa ta wata biyu. Ya buɗe baki zai auna, ƙanin ya ce ya ɗan matsa, zai kafa tsani.

Haka Dakta ya loda na'urorin ɗumama ɗaki biyu a mota ya koma Lecce, wandon wanka na cikin ledarsa da takardar shago a jiki. Wata takwas a bakin teku, ko yatsan ƙafarsa bai taɓa ruwan ba.

Tsohon San Pio ya cika alƙawari, ya kira a makon farko na Yuni. Abin da ya rage a asusun Dakta bai kai sulusin rabinsa ba. Ilenia ba ta yi faɗa ba, kukanta ta riga ta yi shi tun Maris. Yayarta Mariangela, mai koyarwa a Bologna, ita ta cike gurbin, aka rubuta gidan da sunan su biyu.

Dakta ya ba abin mako biyu ya huce, sannan ya sayi tiren kayan zaƙi na Lahadi ya hau benen sabon gidan. Ya tarar da Ilenia a kan tsani tana fentin silin, ta ɗaure kai da tsohon ƙyalle. Ya gyara murya.

"Ilenia, na sake aunawa, kuma birni ya rinjaya. Teku na masu gudun duniya ne. Mutum irina wurinsa cikin jama'a, kusa da iyalinsa. Na yanke cewa zan tare a nan."

Ta ce to madalla. Ta ce ƙaramin ɗakin na Yaya Mariangela ne, amma ba ta zuwa sai hutun makaranta, da ma suna neman wanda zai riƙe shi. Haya wata biyu a gaba, wanki kowa ya yi nasa. Daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Mayu.

Ya ce, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba, "To, bayan Mayu fa?"

Ilenia ta tsoma buroshi a fenti, ta kakkaɓe shi a bakin bokiti, ta mai da ido kan silin.

"Za mu gani, Dakta."