Ranar da Na Auna Wayata a Gaban Dangin Ango

Ba zan taɓa mantawa ba da sayayyar garar ɗiyata Hauwa'u. Ko na so in manta, mutanen Maradun, garin ango, ba za su bar ni ba.

Ni macen gida ce, in ba biki ko ta'aziyya ba ƙafata ba ta wuce zaure. Wata rana ɗana Kabiru mai aiki a Abuja ya kai ni ganin likita Gusau, muka biya wani babban kanti. Ina kallo ya ɗora wayarsa kan wani ɗan inji mai haske, abin ya ce "tit", muka kwashi kaya. Ya ce, "Inna, an biya." Kafin ya koma ya haɗa mini tawa wayar, ya yi ta bayani (ni kuwa "tit" ɗin kaɗai na riƙe).

Da biki ya matso na shiga wani sabon kanti nan Talata Mafara sayen fulawa, sukari da man gyaɗa. Wa zan tarar? Hajiya Asabe, gwaggon ango, wadda labari ya iso mini ta ce mu 'yan Birnin Tudu ban da albasa ba mu san komai ba. Muka gaisa, gida, gajiya, ruwa, har shanunsu da ban taɓa gani ba sai da na tambaya. A raina na ce yau za ta san gidan da ɗansu ya nemi aure. Tsorona kar a raina mini Hauwa'u a ɗakinta.

Mai kanti ya haɗa kaya ya ce, "Hajiya, kati ko tiransifa?"

Na ce, "Bari ɗana, ai an wuce nan." (Allah Ya yafe mini muryar da na yi maganar da ita.)

Kan tebur ga wani inji mai faranti da korayen lambobi. Na gyara mayafi, na ɗora waya a hankali. Ya ce "tit", lambobi suka fito. Na ɗauke, na saci kallon Hajiya Asabe, na ce a kai mini kayan bakin titi.

Mai kanti ya sosa ƙeya. "Hajiya, mi kika yi?"

"Na biya mana. Ba ka ji kukansa ba?"

"Wanga sikeli ne, sukari muke aunawa da shi." Ya sake leƙawa. "Wayar dai ko kwatan kilo ba ta kai ba."

Zufa ta keto mini har tafin ƙafa. Hajiya Asabe ta dafa buhun shinkafa, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Uwar amarya, ɗora jakar ma, mu san nauyin gidan gaba ɗaya."

Mai kanti ya jawo injin gaskiya daga aljihun tebur, ɗan mitsitsi ko faranti babu. Na kara waya, ta biya. Babu wanda ya kula, dariya ake.

Na kwana da baƙin cikin na jawo wa Hauwa'u raini. Ashe ba haka ba. Ranar ɗaukar amarya Hajiya Asabe ta jawo ni gefenta ta zaunar, ta ba da labarin har ta ƙara gishiri, aka raɗa wa Hauwa'u "ɗiyar mai awo", kuma da sunan suke lallaɓa ta har yau. Da ta haihu ma, gwaggon ce ta kira ni: "Ki taho da wayar, a gwada ta da jinjirin a ga wa ya fi nauyi."

Yanzu duk injin da na gani sai na tambayi aikinsa kafin in ɗora masa komai. Har yau ban san nauyin jikina ba, amma na wayata duk Maradun an sani.