Babbar Giya a Hawan Kibo

Na rantse da Wanda ya busa min numfashi, ko kun ji labarin nan ba za ku yarda ba. Amma ku gyara zama.

Sunana Tanimu, sai dai a garinmu, nan kan titin Potiskum zuwa Bauci, Guguwa ake ce min. Makaranta a aji biyu na sakandare muka yi sallama da ita, ba faɗa ba tsiya. Na dai lura malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani. Daga nan na koma teburin Ɗan'asabe mai shayi, na kama aikin labari. Ni ne na sa rabin gari suka yi wanka suka fita filin ƙwallo tarbar jirgin sama. Har yau akwai tsohuwar da ba ta amsa gaisuwata.

Babban labarina shi ne na Legas: wai na je a keke na dawo. Gaskiyar magana, lokacin da na ɓace ɗin nan ina Gombe gidan yayata ina narkar tuwo. Amma labari ya karɓu, har ya shiga kunnen Barira, 'yar Malam Hudu na'ibin liman, wadda nake nema da aure. Malam Hudu kuwa, ko tari ya yi sai samari sun gyara hula. Ya aiko cewa ranar Juma'a zai faɗa min ko in turo magabatana ko in kama gabana. Shi ya sa a makon nan duk sallah a sahun gaba nake yin ta, kafaɗa da kafaɗa da masu furfura.

Ana nan, ranar Laraba bayan la'asar, sai ga wasu baƙi a kan kekuna biyu, jakunkuna gaba da baya kamar masu ƙaura. Namiji da mace. Macen da hijabinta har gwiwa, ta ɗora hular kwano a sama. Yara suka biyo su yuuu har teburin shayi. Namijin ya ce sunansa Malam Zubairu, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, wannan kuma maiɗakinsa ce, Hajiya Indo. Daga Maiduguri suka taso, Legas za su, wai suna so su ga ƙasar da idonsu kafin gwiwa ta ƙi.

Ina jin Legas na fara laluben takalmina da ƙafa. Ɗan'asabe ya riga ni.

"Ai kun faɗo daidai," ya ce, yana wani murmushi na mugunta. "Ga Guguwa nan. Hanyar nan ya yi ta gaba da baya."

Malam Zubairu ya miƙo min hannu biyu. "Ashe muna da babban yaya a nan. Samari, yaya hanyar take?"

Jama'a sun taru, ido ya yi yawa. Na mayar da takalmi na harɗe ƙafa.

"Hanya lafiya lau, Alhaji, in mutum na da ƙashi. Gadar Lakwaja ba hannu na wuce ta, ina ɓare gyaɗa."

"Ikon Allah."

"A dajin Ore wata damisa ta biyo ni. Muka yi ta yi. Da ta gaji ta zauna a bakin titi tana haki, har na ɗaga mata hannu."

"Faci fa?"

"Sau ɗaya. Na cusa ganyen ayaba a tayar na ci gaba."

Yara suka ce kai. Ni kaina na fara jin daɗin tafiyar.

Hajiya Indo dai shayinta take kurɓa tana kallona. Can ta ajiye kofi.

"Ɗana, ni abin da ke damuna tudun nan ne na bayan Jos, Hawan Kibo. Mu gangara za mu yi, amma kai da ka dawo ta nan, da wace giya ka hau shi?"

Giya? Na dubi hijabin, na dubi fuskarta. Ko ɗar babu.

"Ni dai ƙaramar giya nake so a tudu," ta ci gaba. "Shi Alhaji sai ya ce babba, wai shi namiji. Ya sha wuya ya ƙi faɗa."

Malam Zubairu ya yi dariya. "Babbar ta fi tafiya, Indo."

Ku yi min adalci. Giyar mota na san ta. Amma keke a garinmu birki ne da ƙararrawa, sai sirdi in Allah ya sa da rabo. Wa ya taɓa jin keke da giya? Sai na ce a raina, ashe sirrin masu doguwar tafiya ke nan, shi ya sa ba sa gajiya. In na ce ban san ta ba, za su gane ba na cikinsu. Na ɗan sunkuyo, na yi ƙasa da murya irin ta waɗanda suka san duniya.

"Babba, Hajiya. Mai sanyi. Kwalba biyu a gindin tudun, in rana ta yi zafi a ƙara ɗaya a tsakiya."

Ɗan'asabe ya tsaya da buta a sama, shayi na zuba a ƙasa.

Sai na ji gyaran murya a bayana. Gyaran muryar da na sani, wadda ake yi kafin a ce a daidaita sahu.

Malam Hudu ne. Ya ji an yi baƙi, ya zo ya kai su masauki gidansa.

Ban san lokacin da na zame daga benci na tsuguna ba. "Allah gafarta Malam, barka da yamma."

Hajiya Indo ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta tashi ta ɗaga bayan kekenta, ta juya feda, ta taɓa wani ɗan ƙarfe a hannun keken. Sarƙa ta yi ƙaras, ta tsallaka daga wani faranti mai haƙora zuwa wani.

"Ga ƙaramar, ɗana." Ƙaras. "Ga babbar. Ba a sa su a firji."

Dariya ta ɓarke. Har tsohuwar nan ta tarbar jirgi, ban san daga ina ta ɓullo ba, tana tafa hannu. Malam Hudu kaɗai bai yi ba.

"Tanimu."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Biyu ne, ka ɗauki ɗaya. Ko mashayi ne kai, ko maƙaryaci."

Na auna su. Duka biyun ba mai ɗaukuwa. Na ce, "Maƙaryaci, Allah gafarta Malam. Wallahi ko warinta ban sani ba. Legas kuwa a kalanda na gan ta."

"To, madalla. Ba na ba mashayi 'yata, ba na ba maƙaryaci. Sai dai ita ƙarya irin taka tana gyaruwa. In ka je, ta zama gaskiya." Ya juya wajen baƙin. "Alhaji, gobe za ku tafi da shi. Ba sai Legas ba. Ya gangara Hawan Kibo tare da ku, ya juyo ya hau shi kuna kallo. In ya dawo da shaidarku, ya turo magabatansa."

"Da wane keken, Malam?"

"Nawa."

Aka je aka turo shi daga zauren Malam. Baƙi ƙirin, ya girme ni, nauyinsa kamar injin niƙa. Sirdin an naɗe shi da tsumma, fedar hagu sandar ƙarfe ce kawai. Na zagaya shi ina leƙen sarƙar, na matsa kusa da Hajiya Indo na raɗa mata, "Hajiya, don Allah wannan giya nawa gare shi?"

Ashe kunnen Malam Hudu ras yake.

"Ko ɗaya," ya ce. "Keken gidana ba ya sha."